Gizo da Furar Gayya

"Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso."

"Ta zo mu ji ta, Kaka!"

Zaki ne ya damƙa wa Gizo gandun geronsa, ya ce, "In ka ci ciyawa, ka ci lada. In ciyawa ta ci gero, ni kuma in ci ka."

Gizo ya kira gayya, dabbobi suka zo da fartanyu. Ya dama fura ƙwarya guda, ya ce, "Wanda ya riga kai ƙarshen kunya, shi ke sha!"

Zomo ya zura a guje, yana yaɓa wa ciyawa ƙasa a ka. Bushiya kuwa, baiwar Allah, sai ta tuge kowace ciyawa har saiwa. Ta iso ƙarshe bayanta na ciwo, ta tarar da ƙwarya a kife.

Washegari haka. Ranta ya ɓaci, ta ce, "Haba Gizo! Zo ka duba kunyata mana."

Ya ce, "Ni da ke inuwa? Wanda ya fara isowa na sani."

Kai, wannan rashin ta-ido har ina! Mai aiki na haɗiyar yawu, mai tada ƙura na lashe baki.

Rana ta uku Bushiya ta ce, "Ashe gudu ake saya." Ta tattare zane, ita ma ta dinga binne ciyawa da rai. Kowa ya bi sahu. Kafin hantsi an gama gandu, Gizo har da rawa.

Sai ruwa ya sauka. Ciyawa ta ɗago kai ta shaƙe gero. Zaki ya zo, ya ga kunya biyu kacal sun yi shar.

Gizo ya faɗi yana afi: "Malalata ne, ranka ya daɗe!"

Bushiya ta ce, "Ƙarya kake! Kunya biyun nan nawa ne, da yunwa aka biya ni. Gudu ya saya, gudu muka sayar masa."

Zaki ya karkaɗa wutsiya, ya ce, "To Gizo, tunda gudu kake so, nuna mana naka."

Gizo ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba, ya haye rufin ɗaki. Har yau yana can.

Ku ji da kyau, 'yan nema: in kun zama manya, abin da kuka saka wa lada shi za a yi muku.

Ƙungurus kan kusu, mai gyangyaɗi ya tashi ya kwanta.