Bargon Dinatu Mai Tauraro

Akwai wata mace mai suna Dinatu, gwanar ɗinki, wadda aure ya kai ta wani gari a gindin dutse, inda sanyin damina yake shiga har ƙashi. A majami'ar garin ta tarar da waɗansu mata suna taruwa kowace Alhamis. Sukan bi shagunan teloli su kwaso ƙyallayen da aka zubar, su harhaɗa su da allura da zare su yi barguna, sa'an nan su kai wa marasa lafiya a asibiti kyauta. Dinatu ta shiga cikinsu da murna.

Ita kuwa mace ce mai son sanin dalilin kome. Tun ranar farko wani abu ya tsaya mata a rai. Duk bargon da aka gama, sai an miƙa wa uwar zumunta, wato shugabar matan, wata tsohuwa da ake kira Mama Liyatu. Tsohuwar nan ba ta ko kallon adon da aka sha wahala a kai. Sai ta juya bargon, ta rufe idanunta, ta goga bayansa a kuncinta. Daga nan ta ce, "Ya yi," ko kuwa ta ce, "A ƙara masa shafi."

Dinatu ta yi ta saƙe-saƙe. Ko idon tsohuwar ne ya raunana? Amma ga shi da kanta take zura zare a allura, ba tabarau. Ko sansana bargon take yi? Da ta kasa haƙuri sai ta tambaya, gama matambayi ba ya ɓata.

"Mama, me kike nema a bayan bargo? Ai adon yana gaba."

Mama Liyatu ta yi murmushi ta ce, "'Yata, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo."

Amsar ba ta ƙosar da Dinatu ba. Ta ce a ranta, bari ta ɗinka bargon da zai sa tsohuwar nan ta buɗe ido ko ba ta so. Ta zaɓo ƙyallayen atamfa ja da rawaya da shuɗi, ta yi mako uku tana jera su, har wani babban tauraro ya fito a tsakiya. Kai, ya yi kyau, gaskiya ce! Sai dai tauraron ya cinye mata lokaci duka. Bayan bargon ya zauna ba shafi, ga bakin ƙyallaye a tsaye, ga ƙulle-ƙullen zaren roba kamar tsakuwa.

Matan suka yi ta tafi da guɗa. Mama Liyatu kuwa ta juya shi kamar kullum, ta kai kuncinta, ta ce, "A yi masa shafi da tsohon zane mai laushi."

Ran Dinatu ya ɓaci. Ta ce, "Haba Mama, gobe fa za a kai su. Wa zai tsaya duba baya?"

Tsohuwar ta ce, "To, ki kai shi da hannunki. Bayan kwana biyu ki koma ki gaishe da wanda ya samu."

Kashegari a asibiti Dinatu ta ba da bargon ga wata mai jego, wadda ta haifi bakwaini, ɗan mitsitsi, sanyi yana neman halaka shi. Da kanta ta rufa masa bargon, tauraro a sama. Bayan kwana biyu ta koma, har da gayyato maƙwabtanta biyu su zo su ga aikin hannunta.

Da suka shiga ɗakin, Dinatu ta duba gado-gado ba ta ga tauraro ba. Can sai ta hangi bargonta an rufa shi baibai, ƙulle-ƙulle da zarurruka duk a waje, kowa yana gani. Ta yi sauri ta je ta ce, "Baiwar Allah, ai ba haka ake rufa shi ba, kin juya shi!"

Mai jegon ba ta yi gardama ba. Ta ɗaga hannun jaririn a hankali, ga jan tabo a kafaɗarsa da gefen wuyansa. Ta ce, "Ki gafarce ni, Mama. Da na bar shi yadda kika rufa, kuka ya yi ta yi, ko nono ya ƙi kamawa. Da na juya sai ya yi barci. Wajen tauraron ne mai laushi."

Kunya da tausayi suka rufe Dinatu, har hawaye ya zubo mata. Ta cire mayafinta ta lulluɓe yaron, ta ɗauki bargon ta koma gida ta yi masa shafi, kafin faɗuwar rana ta mayar.

To, ga ma'anar misalin nan, 'yan'uwa. Bargon shi ne kowane alheri da muke yi. Yana da fuskar da jama'a suke gani, yana kuma da bayan da yake taɓa jikin mai bukata. Kwanon hatsin da ka ba gwauruwa shi ne fuskar, baƙar maganar da ka haɗa mata da shi ita ce ƙullin. Ka ziyarci mara lafiya, madalla, amma ka fito kana baza labarin ciwonsa a kasuwa, ka bar masa tabo. Mu kam mukan gyara inda za a yaba mana, Ubangiji kuwa yana duban inda matalauci yake ji, wata rana kuma zai juya aikin kowa a ga bayansa a fili. Saboda haka kada ku tambayi masu kallo ko kyautarku ta yi kyau. Ku je ku tambayi wanda ya kwana da ita a jikinsa.