Ranar da Fartanyu Suka Tafi Gayya

"Ku matso kusa, ban da ture-ture. To, ga ta nan, ga ta nanku."

"Ta zo mu ji ta, Kaka."

Wani maƙeri ne a ƙauyen Rimin Kwarya, sunansa Jatau. Shekara arba'in yana bakin wuta. Duk fartanyar da ke garin, hannunsa ne ya ƙera ta. Mai kuɗi ya kawo gyara, ya gyara masa. Talaka ya zo yana sosa ƙeya, ya ce, "Ajiye, ka dawo da la'asar," ba zai karɓi ko anini ba. In kuwa an kira gayyar noma, shi ne na farko a gona.

Kun dai san gayya. Mutum ya ga aiki ya fi ƙarfinsa, sai ya kira jama'a su taru su nome masa, shi kuma ya dama fura, ya tuƙa tuwo. Don taimako aka kafa ta. Amma mutanen Rimin Kwarya sai suka mai da ita zancen ciki.

Ana nan, sai ciwo ya kama Jatau, hannunsa na dama ya shanye. Matarsa ta riga mu gidan gaskiya, ɗa kuma Allah bai ba shi ba. Damina ta faɗi, ya lallaɓa ya shuka gero da hannun hagu. Gero ya fito kyakkyawa. Sai ciyawar harƙiya ta taso ta shaƙe shi. In aka ƙara kwana bakwai ba a yi noman firi ba, geron ya mutu, abincin shekararsa ke nan ya tafi.

Sai ya ɗauki sanda, ya nufi gidan Tanko Sarkin Noma.

"Salamu alaikum. Sarkin Noma, gayya na zo roƙo. Ciyawa za ta cinye mini gero."

Tanko ya ce, "Madalla, Baba Jatau. Fura ƙwarya nawa za a dama?"

"Ba ni da fura."

"Tuwo fa?"

"Shi ma babu."

Tanko ya ce, "To ai samari ba sa sunkuyawa da cikin wofi. Allah ya kawo sauƙi."

Fartanyar Tanko tana jingine a bangon zaure, ta ji komai.

Sai Jatau ya wuce gidan Mati mai rumbu tara. Ya tarar da shi yana cin ɗumame, man shanu har gwiwar hannu. Da Mati ya hango shi, sai ya jawo faifai ya rufe akushi. Ku ji fa, tsohon da ya ƙera wa ubansa garma, shi yake ɓoye wa tuwo.

Jatau ya faɗi buƙatarsa.

Mati ya ce, "Akuya za a yanka ko kaji?"

"Ko ƙwai ba ni da shi."

"Baba, bana kowa ta kansa yake yi. Ka gaida gida."

Garmar Mati tana ƙarƙashin rumbu, ita ma ta ji.

Sai ya ƙarasa wurin Sambo mai dogon carbi, wanda ba ya rasa sahun farko a masallaci. Jatau ya ce a ransa, nan kam ba zan dawo hannu wofi ba. Sambo ya saurare shi har ƙarshe, yana jan carbi yana gyaɗa kai. Da ya ji ba abin da za a dafa, sai ya ɗaga hannu sama.

"Zan sa ka a addu'a, Baba."

"Na gode. Ciyawar fa?"

"Ita ma zan sa ta."

Wannan ne ya fi ba ni haushi duk cikinsu. Addu'a abu ce mai girma, amma Allah ya ba ka lafiya, ya ba ka hannu biyu, ga maƙwabcinka zai kwana da yunwa, ka sallame shi da fatar baki? Hauyar Sambo tana rataye a reshen darbejiya, ta ji har ƙotarta ta yi rawa.

Washegari, mutane suna masallaci sallar asuba, sai fartanyar Tanko ta tashi daga jikin bango. Ta bi gida gida tana ƙwanƙwasa ƙofa. Garma ta fito. Hauya ta diro. Manya da ƙanana suka jeru, ƙwal, ƙwal, ƙwal, suka miƙe hanyar gonar Jatau.

Gari ya waye, kowa ya shiga neman abin nomansa, babu. Aka ce ɓarayi ne. Sai aka ga sawu a ƙasa mai laima, aka bi. Tun daga nesa suka jiyo waƙa:

"Wa ya hura mana wuta? Jatau.
Wa ya gyara mana baki? Jatau.
Ba mu shan fura, ba mu cin tuwo,
Mun zo gonar mai ƙera mu."

Ga fartanyu sun sunkuya su kaɗai, suna ta sharar harƙiya. Kuna tsammani mutanen nan kunya ta kama su? Ina. Fushi suka yi.

Tanko ya ce, "Tawa ce wannan!" Ya cafki ƙota ya ja. Sai fartanya ta kafe a ƙasa kamar an dasa ta. Mati ya ja garmarsa har ya faɗi zaune. Sambo ya karanta abin da ya sani, ya tofa, ya ja. Hauya ko motsi.

Can wani ya gane cewa in ka ja ta wajen gida, ba ta zuwa, in ka tura ta cikin ciyawa, sai ta tafi sumul. Ga nasu gonakin suna jira. Ba yadda za su yi, sai suka sunkuya. Suna noma suna tsaki, suna noma suna zagi. Kafin azahar gona ta yi fes, gero ya miƙe yana shan iska.

Tanko ya ce, "To, an gama. Mu tafi." Ya ja. Fartanya ta sake kafewa.

Suna cikin haka sai ga Jatau tafe, yana ɗingishi, ya rungumo ƙwarya da hannun hagu. An gaya masa duk gari yana gonarsa. Sai ya kakkaɓe ɗan geron da ya rage masa a gindin tukunya, wanda zai ci kwana uku, ya dama kunu. Tsararo ne, kana ganin ƙasan ƙwarya. Ya ajiye a gabansu, hawaye na bin gemunsa.

"Ku gafarce ni, 'ya'yana. Jiya na kwana ina zarginku a zuciya, ashe ni ne mai laifi. Ga ɗan abin da ya samu, ba nono, ba komai. Na san don Allah kuka zo."

Ba wanda ya iya ɗaga kai. Mati mai rumbu tara ya dubi kunun nan, ya kau da fuska.

Sambo ya ce, "Baba, kada ka gode mana. Ba zuwa muka yi ba, kawo mu aka yi. Ƙarfen da ka ƙera ya fi mu sanin hakkinka."

Jatau ya share hawaye. Ya dubi fartanyu, ya dubi mutane. Sai ya tura ƙwarya gaba.

"To ai ga ku nan dai. Ku sha, kun sha rana."

Tanko ya durƙusa, ya kurɓa sau ɗaya. Ya ce, "Maimai da huɗa da girbi duk a wuyanmu suke, Baba. Ranar nan ko ruwa kada ka ɗora." Mati ya ce kafin magariba dami biyar zai iso gidan Jatau.

Yana rufe baki, sai fartanyu suka saki ƙasa, kowa ya saɓa tasa ba nauyi.

Ladan noman ranar nan kuwa, ni ban san na wane ne ba, Allah ne masani. Amma ku, 'yan nema, in kun ga mabuƙaci ku taimake shi don Allah, kada ku fara da tambayar me za a dafa. Ke Talatu, da na aike ki ɗebo wa makauniyar maƙwabta ruwa kika ce sai an ba ki ƙuli, da ke nake.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu, ta ƙare a nan. Kowa ya ɗauki tabarmarsa.