Fensirin Mama a Takardun Farfesa

"Ajiye robar nan, Yaya."

"Ba zan ajiye ba. So kike duniya ta karanta cewa Baba yana kumbura fuska idan shayinsa ya huce?"

"To ba ya yi ne?"

"Yana yi. Amma a gida yake yi, ba a laburare ba."

Akwai wani tsohon farfesa, masanin ɗabi'un Kirista, da ya ƙarar da ƙarfinsa yana koya wa masu shirin zama fastoci haƙuri, yafiya da tawali'u. Masu jan robar goge fensir ɗin nan a ɗakin karatunsa 'ya'yansa ne. Babbar kowa Yaya yake ce mata. Ƙaramar kuwa Auta ce, wadda tun tana yarinya babu muryar da ta gagare ta kwaikwaya.

Kwalejin da ya yi aiki ce ta roƙi a ba ta takardunsa ta adana: daftarin littattafai, takardun lacca, tsofaffin wa'azozi. Ma'aikaciyar laburaren kwalejin ta kawo kwalaye da kanta, ta ce a zuba komai yadda yake, washegari mota za ta zo ɗauka.

Sai dai akwai matsala. Duk shafin da Baba ya taɓa rubutawa, Mama ce ta buga shi a tafireta. Ita kuma Mama ba ta iya buga magana ta bar ta ta wuce salin alin ba. Inda ba ta yarda ba, sai ta zaro fensir daga ɗankwali ta amsa a gefe.

A babin haƙuri ta rubuta: "Wa ya tashi gida da neman tabarau jiya, alhali yana goshinsa?"

A babin aure, inda ya ce miji ya riƙa sauraron matarsa, ta sa: "Amin. Yaushe za a fara?"

Wani wurin kuma babu wasa a ciki. Ta ja layi a ƙarƙashin maganarsa kan masu makoki, ta ce: "Wannan ya yi tsauri. Je ka zauna da wadda ta binne mijinta tukuna." Ya je, ya dawo ya sake babin gaba ɗaya.

Yaya tana tsoron ɗalibai su mai da uban abin dariya. Auta kuwa abin da ke cinta daban ne. Babu bangon littafi ko ɗaya da ke ɗauke da sunan Mama. Idan aka goge fensirin nan, an goge ta daga aikin ke nan ɗungurungum.

Mama tana falo tana ɗinke maɓallin riga. "A goge mana," in ji ta, "me ya dame ni?" Amma da safe Auta ta gan ta tsaye a bakin kwali, riƙe da shafi ɗaya, ta daɗe ba ta ajiye ba.

Hayaniya ce ta fito da Baba, hannu a baya, tabarau a goshi. Ya saurari kowa, ya yi gyaran muryar nan tasa mai hawa biyu.

"Ba za a goge ko ɗigo ba. Malamin da ke ɓoye gyaran da aka yi masa, ɗalibansa yake cuta. A bar su su ga an yi mini gyara, na kuma karɓa."

Auta ta yi wa yayarta gwalo. Yaya kuwa ta juya wajen takardun. Ta ɗan yi tono a cikin kwali, ta zaro shafi ɗaya daga babin yafiya, ta miƙa masa da hannu biyu.

Baba ya sauko da tabarau. A gefen shafin an rubuta: "Maƙwabcinmu fa? Reshen lemo ɗaya tak."

Maƙwabcin wani tsohon direba ne. Shekarun baya ya sare reshen lemon Baba da ya tsallaka katanga yana zubar masa da ganye a kan mota. Tun ranar Baba bai ƙara amsa gaisuwarsa ba. In sun haɗu a ƙofa, sai ya ɗaga kai sama kamar mai lissafin gajimare.

"To," in ji Baba. "Wannan dai... ba ilimi ba ne. Maganar cikin gida ce. Miƙo robar, wannan kaɗai."

"Baba, ko ɗigo ka ce."

"Wannan ya fi ɗigo."

Auta ta san in aka goge ɗaya, sauran ma sun tafi, don Yaya tana da jerin nata a kai. Sai ta ɗauki tsohon tabaransa a kan tebur ta ɗora a goshi. Ta mai da hannu baya, ta turo ciki gaba, ta yi gyaran murya hawa biyu.

"Ɗalibaina, ku buɗe kunne. Yafiya ba ta zama a kujera tana jiran a zo a roƙe ta. Takalmi take sawa ta tafi. Kai na baya, barci kake ko addu'a?"

Yaya ta toshe baki da hannu, kafaɗunta na rawa.

"Wa ya faɗi wannan?" Baba ya tambaya.

"Shafin da ke hannunka, Baba. Layin sama. Na baya ɗin ne kawai na ƙara."

Ya duba. Haka ne kuwa. Duk da haka ya karɓi robar, ya ɗora ta a kan rubutun.

Daga falo Mama ta ce, ba ta ko ɗago kai daga allura ba, "Goge abinka, Farfesa, fensir ne. Sai dai katangar ba fensir ba ce."

Baba ya ɗage robar daga kan shafin. Ya dubi rubutun matarsa, ƙanana a karkace, irin na mai sauri don tukunya na kan wuta. Sai ya jefa robar a aljihu.

"Ina takalmina?"

"Suna ƙafarka, Baba."

Ya fita tsakar gida ya tsinko lemo cike da hula. Ya nufi ƙofar maƙwabci, mata uku na biye da shi a nesa kamar ba shi suke bi ba.

Direba yana wanke motarsa. Da ya ga Farfesa, ya yar da soso, ya rungume shi da hannu duk kumfa. Baba ya shirya jawabi tun daga tsakar gida, amma bai samu wurin sa shi ba. Kafin ya buɗe baki, Direba ya ɓare lemo, ya tambayi lafiyar yara, ya ji labarin kwalaye, ya ce wace mota kuma za a jira alhali tasa tana nan a wanke?

Haka ya biyo su har ɗakin karatu yana kinkimar kaya. Baba ya ɗauki shafin nan, ya zaro biro ya rubuta a ƙarƙashin maganar Mama: "An je."

Mama ta leƙo ta kafaɗarsa, ta zaro fensir daga ɗankwali, ta ƙara: "A makare."

Yaya da kanta ta sa shafin a saman kwali ta manne bakinsa. Auta kuma ta ɗauki alƙalami ta rubuta a jikin kowane kwali: "Takardun Farfesa, da gyaran matarsa." Mama ta ce ɓarnar tawada ce, amma ta tsaya sai da ta karanta kowanne.

Da za a rufe bayan mota, Baba ya ga dama ta samu. Ya dafa kafaɗar Direba.

"Maƙwabci, batun reshen nan. Na daɗe ina fushi da kai. Na yafe, ni ma ka yafe mini."

Direba ya saki baki. "Fushi? Ni na ɗauka wani littafi kake ɗauke da shi a ka, shi ya sa ba ka juya wuya. Har jikokina nake hanawa buga ƙwallo in za ka wuce, kada ya zube."

Darasi: Kada ka goge hannun wanda ya gyara ka don mutane su ɗauka kai kaɗai ka iya. Kuma in an rubuta laifinka, ba roba ce maganinsa ba; sa takalmi ka je ka gyara abin da kansa. Ku tura wa mai fensirin gidanku, ku ce masa an gode.