Raguna Uku a Ƙofar Gidan Tanimu

Ku bar gardamar ƙwallon nan haka, ta ishe ni. Ku matso in ba ku wadda za ta fasa muku kai. Shekara talatin da ɗaya na yi ina masinja a kotu, ina jigilar fayil daga wannan tebur zuwa wancan, har gwiwoyina suka ce sun gaji. Na ga kishi iri-iri a wurin nan, amma ban ga wanda ya kai na wasu lauyoyi uku ba. Ku masu cewa kishi na mata ne, ku kasa kunne.

Barista Jazuli, Barista Muntari da Barista Tukur aji ɗaya suka yi, rana ɗaya kuma aka ɗora musu farar hular gashin nan. Kowace Alhamis sukan fito da tebur ƙarƙashin darbejiyar harabar kotu, su saurari talakan da ba shi da halin ɗaukar lauya, su tsaya masa kyauta. Ko ruwan leda ka saya musu sai sun mayar maka da abinka. Wannan kam na shaide su, mutanen kirki ne. Amma ka kuskura ka yabi ɗaya a gaban biyun, to ka ɓata musu yini. Wata tsohuwa ta taɓa sa wa Tukur albarka ta manta da sauran, sai da Jazuli ya yi mako guda yana gaya wa kowa cewa ai shi ya rubuta takardar.

Ana nan sai ga maganar Tanimu, wani manomi daga Rafin Dinya. Gona ɗaya gare shi tak, gadon ubansa. Matarsa Ladidi kuwa tana ɗauke da cikin fari bayan shekara tara da aure. Tun zamanin ubansa, duk kaka akan kai damin gero ɗaya gidan su Alhaji Barau, don mahaifin Alhaji ne ya riƙe uban Tanimu yana maraya. Gaisuwa ce kawai ta sanin ya kamata. Da titi ya biyo ta gefen gonar, ƙasa ta yi daraja, sai Alhaji Barau ya shigar da ƙara cewa gonar aro ce, yana son abinsa. A yankin nan kuwa, wanda aka ba aron gona shi ma dami yake kaiwa duk shekara, alamar ya san gonar tana da mai ita. Alƙali ya tambayi Tanimu ko yana kai dami gidan Alhaji. Bawan Allah ya ɗauka yabonsa za a yi, ya ce sosai ma, bai taɓa fashi ba ko shekarar fari. Da aka ce yana da abin cewa, ya ce shi ba ya musu da babba. Shi ke nan, da bakinsa ya miƙa gonar.

Jazuli ne ya fara ganinsa. Tanimu bai ma zo teburin ba, can nesa ya rakuɓe da takardar hukunci a naɗe cikin hula, kunya ta hana shi matsowa. Jazuli mutum ne mai ido, ya tashi ya je ya tsugunna a gabansa, ya karɓi takardar. Yana karantawa ya ƙirga kwanaki da yatsa, ya ga ranar nan ce ta ƙarshe da za a iya ɗaukaka ƙara, ga shi la'asar ta gabato. A kan murfin motarsa ya rubuta takardun yana tsaye, gumi na ɗiga a kan biro. Ni na karɓa na ruga, na tarar magatakarda ya riga ya ja rabin taga, sai da Jazuli da ya biyo ni a guje ya sa hannu ya tare ta. Da an ƙara minti biyar, da ko lauyoyin duniya aka tara ba mai sake buɗe maganar. A kan takardun nan babbar kotu ta ce a koma a sake sauraron shari'ar daga farko.

Ran da aka faɗa wa Tanimu haka, ya zo teburin ya durƙusa a gaban su ukun yana hawaye.

"Ranku ya daɗe, ni ba ni da abin ba ku," in ji shi. "Amma iyalina na da juna biyu. In Allah ya ba ni namiji, sunan wanda ya ceto mini gonar nan zan sa masa."

Wayyo Tanimu! Kamar wanda ya jefa tsaba ɗaya tsakanin zakaru uku. Dukansu suka ce haba, ai don Allah suke yi, ya bar wannan magana. Amma ni da ke gefe na ga yadda Jazuli ya gyara zaman kwat ɗinsa, na kuma ga yadda sauran biyun suka kalle shi.

Muntari ɗan ƙauye ne, kullum suna tsokanarsa wai har yanzu ƙanshin taki bai bar jikinsa ba. Da ya ji 'yan kotu sun fara kiran Jazuli mai takwara, abinci ya daina yi masa daɗi. Bai gaya wa kowa ba ya hau babur sai Rafin Dinya. Yana shiga gonar ya ga mangwaro bakwai a jere, tsofaffi, kowanne sai mutum biyu sun haɗa hannu za su zagaye shi. Nan ya yi dariya shi kaɗai, don ya san abin da 'yan birnin nan biyu ba su sani ba: ba a dasa itace a gonar aro. Mai gona ba zai taɓa bari ba, don wanda ya yi dashe ya zauna ke nan. Kwana uku yana bin gida-gida har ya samu Iya Kande, tsohuwar da ta haura tamanin, wadda tana amarya ita ta riƙa ɗebo ruwan da aka shayar da dashen. Ta ce mahaifin Alhaji Barau da kansa ya kawo ƙwallayen mangwaron, ya ce wa marayan nan, uban Tanimu, ya dasa a gonarsa 'ya'yansa su sha. 'Ya'yanta suka ce ba inda za ta, suna tsoron Alhaji. Muntari ya yi ta zarya yana lallashi har suka gaji suka yarda, ranar shari'a kuma a bayansa ya goya ta ya hau da ita matakalar kotu. In ba don shi ba, da an sake sauraron shari'ar an sake kayar da Tanimu, don ba shi da shaida ko ɗaya.

Saura Tukur, mai bakin da ake cewa ko dutse ya yi wa magana sai ya amsa. Shi ma abin yana cinsa, ya ga kowa ya yi nasa shi yana zaune. Ranar shari'a kuwa al'amarin ya so ya lalace. Lauyan Alhaji ya rikita Iya Kande da tambayar shekaru, ya ce tsufa ne ke magana, kuma har yanzu ga damin nan da Tanimu ya amsa da bakinsa. Na ga alƙali yana gyaɗa kai, na ce a raina gona ta tafi. Sai Tukur ya miƙe. Bai taɓa maganar gona ba. Ya shiga yabon Alhaji Barau, da gidansu, da yadda tun kakanni suke riƙon marayu, har Alhaji ya fara cika yana batsewa a cikin babbar riga. Sannan ya tambaye shi a hankali, cikin ladabi, ko Tanimu ne kaɗai ke tunawa da gida irin wannan da kaka.

"Tanimu wa?" in ji Alhaji. "Gida arba'in ke kawo mini dami a garin nan. Har liman da sarkin aska."

"Ashe gonar liman ma taka ce, Alhaji? Da ta sarkin aska?"

Lauyan Alhaji ya dafe kai. In Alhaji ya ce eh, gida arba'in zai kwasa a kansa kafin ya isa mota. Dole ya ce a'a, wannan gaisuwa ce. Alƙali ya ce to na Tanimu ma gaisuwa ce, ga kuma mangwaro bakwai sun tsaya masa. Aka mayar wa Tanimu gonarsa.

Kuna tsammanin sun rungumi juna? Ina! Ko fita daga kotun ba su yi tare ba. Jazuli ya riƙa cewa in ba a buɗe ƙofa ba, ta ina mai goyon tsohuwa da mai zaƙin baki za su shiga. Muntari ya ce takarda ba ta san mangwaro ba, kuma baki ba ya aiki sai an kawo masa abin faɗa. Tukur ya ce su biyun sun yi nasu sun gama gona tana hannun Alhaji, shi ya ƙwato ta da tambaya biyu. Ba wanda ya faɗa wa ɗan'uwansa a fuska, duk ni ake gaya wa don in kai. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, Alhamis biyu a jere ba a fito da teburin nan ba, don ba mai son ya riga wani zuwa a ce shi ne ya sauko. Mutane suka zo daga ƙauyuka da takardunsu, suka wuni a gindin darbejiya, suka koma. Na je na same su ɗaya bayan ɗaya na ce su ji kunya, kowanne ya ce in je in gaya wa sauran.

Allah da ikonsa, Ladidi ta sauka lafiya, namiji. Tanimu ya aiko da goron suna, ni ma aka ba ni nawa, na je. Da sassafe na isa Rafin Dinya, abin da na fara gani a ƙofar gidan ya sa na tsaya cak. Raguna uku a ɗaure, manya-manya, kowanne ya fi ƙarfin mai gidan. Ashe kowane barista ya aiko da nasa a ɓoye, yana ganin ai shi ne mai takwara, ragon suna nasa ne. Ga su nan su ukun a kan tabarma ɗaya cikin shadda, kowa ya juya wa ɗan'uwansa kafaɗa, sai jan carbi ake yi da ƙarfi.

Tanimu ya ja ni zaure. Ya ce ya roƙe su a bar sauran biyun sai haihuwa ta gaba, aka tuna masa wannan ma shekara tara aka yi ana jira. Ya ce a haɗa sunayen uku, liman ya ce yaro ba motar haya ba ce, suna ɗaya ake raɗawa. Ya yi tunanin ya sa sunan ubansa kowa ya huta, amma alkawari kaya ne, kuma a gaban mutane ya ɗauka.

"Baba, wallahi ranar da aka ƙwace gonar ban shiga damuwa irin ta yau ba," ya ce da ni. "Duk wanda na zaɓa, na saka wa biyu da butulci. Kuma na san ba za su ƙara zama tebur ɗaya ba."

Muka fito. Rana ta fara ɗagawa, an raba goro, mata a cikin gida sun yi shiru suna jiran su rangaɗa guɗa. Mahauci ya wasa wuƙa yana tsaye tsakanin raguna uku bai san wanda zai kayar ba. Sanƙira ya gyara murya. Liman ya sunkuyo ya kawo kunnensa daidai bakin Tanimu, lauyoyin nan uku kuma suka daina jan carbi.

To, ga ku nan, kowa da bakinsa. Wanda ya tare taga kafin a rufe, ko wanda ya san sirrin mangwaro ya goyo tsohuwa, ko wanda ya sa Alhaji ya kayar da kansa? In kai ne Tanimu, sunan wa za ka raɗa wa liman?