Uban Aro

Akwai wani manomi a wani ƙauye, matarsa ta rasu ta bar shi da ɗa guda, sunansa Irmiya. Mutumin nan bai yi boko ba, ko sunansa bai iya rubutawa ba. Noma ya sani, sai addu'a. Da gero da gyaɗa ya riƙe yaron a makaranta har ya gama, ya sami aikin koyarwa a wani gari can kudu, bakin babban kogi, tafiyar kwana biyu a mota.

Irmiya ya yi shekara shida a garin nan. Ya koyi yarensu, ya saba da abincinsu, ya shiga ƙungiyar mawaƙa a majami'a. A nan ya ga wata yarinya mai suna Damaris, ya nemi aurenta, iyayenta suka yarda, aka sa rana.

To, in dai maganar shiri ce, Irmiya gwani ne. Littafi guda ya ware don bikin nan. Ya rubuta rumfuna, ya rubuta kujeru, ya rubuta shinkafa da bijimin da za a yanka. Matan zumunta suka fitar da anko, mawaƙa suka yi wata biyu suna koyon waƙoƙi. Duk abin da aka gama sai ya ja masa layi, ya yi murmushi. Abu ɗaya ya rage a shafin ƙarshe, shi ne wanda zai zauna a kujerar uban ango.

Ya ce a ransa, "Hanya da nisa, Baba ya tsufa, ga damina ta zauna. Wa zai bar gona yanzu? Bayan biki na kai ta gida ya sa mana albarka a can." Duk wannan gaskiya ne, amma ba shi ne dalili ba. Dalilin shi ne kunya. Dangin Damaris ma'aikata ne, masu takalma masu sheƙi. Shi kuwa in ya rufe ido sai ya ga fason da ke ƙafar ubansa, da rigarsa ɗaya ta zuwa sujada mai faci a kafaɗa, da yadda yake zama a ƙasa ko da an ba shi kujera. Saboda haka ko saƙo bai aika gida ba.

A unguwarsu akwai wani ɗan Arewa, Malam Tanimu, wanda ya yi aikin jirgin ƙasa har ya yi ritaya. Dogo ne, mai farin gemu, ga iya gaisuwa. Irmiya ya je wurinsa ya durƙusa.

Ya ce, "Baba Tanimu, alfarma na zo nema. Ranar Juma'a za a miƙa amarya a gidansu, Asabar a ɗaura aure a majami'a. Ina so ka zauna mini a kujerar uba. In an tambaya, kai ƙanen mahaifina ne."

Malam Tanimu ya ce, "Mahaifin naka fa? Yana da rai?"

"Yana nan, Baba, sai dai ba zai iya tafiyar ba."

"Zama ne kawai?"

"Zama ne kawai, da gaisuwa."

Malam Tanimu ya ce, "To, zama dai bai taɓa gagara ta ba."

Irmiya ya ɗinka masa babbar riga, ya faɗa wa Damaris cewa baffansa ne zai tsaya masa, ya koma ɗaki ya ja layi a shafin ƙarshe.

Sai dai akwai abin da bai shiga littafin ba. Mutanen garin nan ba sa miƙa amarya ga ango. Ga uban ango suke miƙa ta, shi ma sai ya amsa tambaya uku a gaban jama'a. Kowa a garin ya san wannan tun yana ƙarami, shi ya sa ba wanda ya ga dalilin faɗa masa. Shi kuma Irmiya, malamin namu, ƙirgar kujeru ta ɗauke masa hankali, bai tambaya ba.

Ranar Juma'a da hantsi aka cika tsakar gidan su Damaris. Malam Tanimu ya shigo cikin babbar riga, ya yi gaisuwa irin ta manya, har mata suna cewa lallai yaron nan ɗan gidan mutunci ne. Aka fito da amarya. Kakanta ne zai yi tambayoyin, wani tsoho da ya yi fataucin goro a Arewa shekara da shekaru, Hausa a bakinsa rangaɗaɗau.

Tsohon ya dubi Malam Tanimu ya ce, "In 'yarmu ta saɓa da mijinta, ba gidanmu za ta dawo ba, gidanka za ta zo. Akwai ɗaki?"

Malam Tanimu ya ce, "Akwai."

"In mijinta ya riga ta mutuwa, ga 'ya'ya a gabanta, gonar wa za ta ci?"

Malam Tanimu ya gyara zama ya ce, "Allah zai rufa asiri."

Tsohon ya ce, "Allah kam zai rufa. Ni gona na tambaye ka."

Irmiya ya sunkuyar da kai.

Tsohon ya ci gaba, "To, bari in yi ta ukun, ka haɗa ka amsa. In ita ce ta mutu, a ƙasar wa za ta kwanta? Faɗa mana wurin a gaban Allah da mutanen nan, don mu san inda za mu je."

Malam Tanimu ya cire hularsa ya ce, "Tsoho, ni mai tsoron Allah ne, ko da yake yau na so in manta. Ni ba uban yaron nan ba ne, ba kuma ƙanen ubansa ba. Maƙwabcinsa ne ni, ko ƙauyensu ban taɓa takawa ba. Zama aka ce in yi, na zauna. Amma ba zan yi alkawarin kabarin da ba ni da shi ba."

Ba wanda ya yi ihu. Damaris ta ɗago mayafinta ta dubi Irmiya ta ce, "Ai ce mini ka yi baffanka ne." Sai hawaye.

Kakan ya ce, "Yaro, ba mu ƙi ka ba. Amma ba ma ba da 'ya ga wanda ba kowa a bayansa. In ba a sami mai amsawa ba kafin faɗuwar rana, gobe babu aure."

Kafin faɗuwar rana, ga gida kuwa kwana biyu zuwa, kwana biyu dawowa. Irmiya ya kasa haɗa ido da kowa. Ya tashi ya bi ta ƙofar baya, ba don yana da wurin zuwa ba, don dai ya ɓuya daga idon mutane.

A bayan gida mata sun girka manyan tukwane, hayaƙi na tashi. Yana cikin tafiya sai ya ji saran gatari, ya kuma ji wani ɗan nishi da mai saran yake yi duk lokacin da gatarin ya sauka. Ya tsaya cik. Da nishin nan ya tashi kowace safiya yana yaro. Ya zagaya bayan rumbu, sai ga ubansa, ba riga, yana faskare. Rigar mai faci kuwa an ninke ta an ɗora a kan dutse don kada ta yi datti.

Gwaggon amarya, wadda ke kan girki, ta ce, "Bawan Allahn nan tun da sassafe ya zo, ya ce shi baƙo ne. Ya ga muna fama da itace ya karɓi gatari. Ko abinci ya ce sai ya gama."

Irmiya ya ce, "Baba."

Tsohon ya jingine gatarin ya ce, "Na'am, Irmiya."

"Yaya aka yi ka zo?"

"Direban da ke ɗauko wake a kasuwarmu ne ya ce ya ga katin bikinka. Shi ya ɗauko ni a kan buhuna. Na tsaya a ƙofar gaba, na ga irin mutanen da ke shiga, na dubi kaina, sai na zagayo ta nan. Kada ka damu, ban faɗa wa kowa ba. Gobe in hango fuskarta daga bayan majami'a, in koma. Gero na jiran noman maimai."

Irmiya ya zube a kan faskaren nan yana kuka. Ya ce, "Baba, ba nisan hanya ba ne. Kunyarka na ji. Na ari wani na sa shi a kujerarka, an tambaye shi abin da ba zai iya amsawa ba, yanzu aure na shirin lalacewa."

Uban ya ce, "Me aka tambaya?"

Ya faɗa masa duka ukun.

Tsohon ya ce, "Ai wannan ba wuya. Miƙo mini rigata."

Ya sa rigar ya nufi ƙofar baya, sai Irmiya ya kama hannunsa ya ce, "Ba ta nan ba, Baba." Ya zagaya da shi ta titi, ta cikin rumfuna da kujerun da ya jera, ya shigo da shi ta ƙofar gaba. Ya tsaya a tsakiyar jama'a ya ce, "Ga mahaifina. Yana da rai, lafiyarsa ƙalau. Ni ne ban gayyace shi ba."

Malam Tanimu ya tashi da sauri ya ba shi kujera. Manomin ya gode, ya zauna a ƙasa kamar yadda ya saba. Kakan amarya ya dube shi, shi ma ya sauko daga tasa kujerar ya zauna a kan tabarma suna fuskantar juna, ya maimaita tambayoyin.

Manomin ya ce, "Ɗakin uwarsa yana nan, bana ma na sake masa jinka. Gona kuma, akwai ta fadama a bayan rafi. Tata ce daga yau, ba sai ya mutu ba."

"Na ukun fa?"

"Akwai wuri kusa da uwarsa, a gindin ɗorawar da ke bayan gidanmu. Kaina na ajiye wa. In ta riga ni, na bar mata. Ni a nema mini gefe."

Kakan ya kira Damaris, ya kama hannunta ya sa a cikin hannun nan mai kanta, wanda ko wanke shi ba a yi ba bayan faskare. Washegari aka ɗaura aure.

Ma'anar misalin nan kuwa, 'yan'uwa, ba ta da nisa. Irmiya mu ne, ni da ku. Mu ma baƙi ne a nan, muna shirin wata babbar rana nesa da gida, littattafanmu kuma cike suke da layuka. An yi mana baftisma, layi. Muna cikin mawaƙa, layi. Muna da anko na kowane taro, layi. Ba abin da ya fi mana daɗi kamar jan layin nan.

Uban aro shi ne duk abin da muka ɗora a kujerar da ba tasa ba. Wani sunansa mai kyau ya ɗora, wani matsayinsa a ikilisiya, wata kuma bangaskiyar uwarta take ta yawo da ita shekara talatin, ita ba ta taɓa durƙusawa don kanta ba. Waɗannan abubuwa ba mugaye ba ne, kamar yadda Malam Tanimu ba mugu ba ne. Sun iya zama, sun iya gaisuwa. Amma ranar da za a tambaye ka inda za ka je in ka yi zunubi, da wanda zai riƙe ka in abin da ka dogara da shi ya faɗi, da inda za ka kwanta in ka mutu, hula za su cire su ce zama kawai aka ce su yi.

Manomin nan kuwa hoton Ubangijinmu Yesu ne. Ba mu aika masa ba, ya zo. Ya yi tafiyar da ta fi ta kwana biyu, bai shigo da babbar riga ba, ya zo ya yi mana bauta. Shi kaɗai yake da amsar tambayoyin nan uku, domin yana da ɗaki ga mai tuba, yana ciyar da nasa, ya kuma shirya mana wuri kusa da shi. Mu fa? Ran Lahadi muna rera masa waƙa har murya ta dushe. Ran Litinin a ofis, ko a kasuwa, ko cikin abokai, in maganarsa ta taso sai mu sunkuyar da kai, mu ce ba wurinta ba ne. Ba wurin ba ne matsalar, kunya ce, mu daina yi wa kanmu ƙarya.

Irmiya ya san wa'adinsa, an ce masa faɗuwar rana. Mu ba wanda ya faɗa mana namu. Saboda haka, in kana jin saran gatarin nan a bayan gidanka yau, kada ka tsaya gyara kujeru. Tashi ka je ka faɗa masa gaskiya kamar yadda Irmiya ya faɗa. Sa'an nan ka kama hannunsa, ka shigo da shi ta ƙofar gaba, a idon mutanen da kake jin kunya.