Kwana Ukun Da Mai Gwajin Jini Ya Yi Shiru

An yi wani mutum, ya 'yan uwa, mai ɗakin gwajin jini. Ana ce masa Likita. Ba likita ba ne, amma bai taɓa gyara wa kowa ba. Duk wanda aka ɗebi jininsa, sunansa da lambar wayarsa da sakamakonsa suna cikin kwamfuta ɗaya, a teburin karɓar baƙi inda ƙanwarsa ke zama. Mai gyaran kwamfuta ya sha gaya masa a canja lambar sirri, a sabunta manhaja. Sai ya yi dariya ya ce ɓarawo sauro ne da zai zo satar jini?

Wata Litinin da safe ƙanwar ta kunna kwamfuta ta tarar da saƙo. Ɓarayin intanet sun shiga sun kwashe komai. Sun ba shi kwana uku ya biya su, in ya ƙi su watsa. Mai gyara ya duba ya ce aikin gama ya gama, ko an biya ba tabbas, abin da ya rage a sanar da masu sakamakon.

Ƙanwar ta ce, "Yaya, lambobinsu na cikin littafin rajista. Mu kira su ɗaya bayan ɗaya."

Ya ce, "Duk wanda ya buɗe baki a nan, ya nemi wani aiki."

Kun ji fa! Sunansa yake tsoron ya ɓaci. Kwana uku yana sanye da farar riga, yana gaisawa da mutane, yana ɗibar jini, amma bai sanar da kowa ba. Wai ƙila barazana ce kawai. Kwana uku bai isa a kira mutane ba? Wayar ba a aljihunsa take ba?

Ranar Alhamis aka watsa. Sakamako ya yi ta yawo daga waya zuwa waya, kun kuwa san mu da turawa. An sallami wani direba daga aiki. An fasa wani aure. Mutane suka cika ƙofarsa, masu zagi na zagi, masu kuka na kuka.

Wata mata ce ba ta yi ko ɗaya ba. Malamar makaranta ce, sati biyu tana neman yadda za ta gaya wa mijinta ciwon da aka gano mata. A wurin aiki mijin ya ga sakamakon, a wayar abokinsa. Ta tsaya gaban Likita da jakar kayanta ta ce, "Da ka kira ni, da daga bakina zai ji."

Ta juya ta tafi da jakarta, don gidan mijin ta baro.

Hukuma ta rufe wurin. A kotu ƙanwarsa ta ba da shaida a kansa tana kuka, don ba za ta rantse a kan ƙarya ba. Yanzu ko sallama ya yi, sai a amsa a juya masa ƙeya. Wallahi ina jin tausayinsa, amma na fi jin tausayin matar nan, har yau ba ta koma ɗakinta ba.

Ya 'yan uwa, sirrin mutane da ke cikin na'urarka amana ne, ka kulle shi tun kafin ɓarawo ya zo. In kuma ya riga ya shiga, ka faɗa wa masu shi da wuri, ko da za su zage ka. Satar ta ɓarayi ce, amma shirun kwana ukun nan nasa ne, shi za a tambaya ranar gobe kiyama.

Allah ya kiyaye mu da cin amana, ya rufa mana asiri duniya da lahira.