Takin da Ya Miƙe Tsaye

An ce wai a wata ƙasa ta kudu, inda ruwa ke da yawa, wata tsohuwa mai suna Hajo ta farka cikin dare ta ji ƙara kamar ana kaɗa caki daga nesa. Ta daɗe tana saurare. Sai ta gane 'ya'yan gawo ne iska ke kaɗawa, sautin da rabonta da shi tun barinsu arewa, shekara goma sha biyu. Mijinta Illo bai ji ba, domin kwanansa arba'in a ƙasa.

Fari ne ya koro su, da awaki tara da buhunan 'ya'yan gawo na abincin dabbobin. Wani dattijo ya ara musu fako, ƙasar da ko ƙadangare ba ya tsayawa a kanta, Illo ya yi ta zuba mata kashin awaki har ta yi baƙi ta ba da dawa. Da ciwo ya kwantar da shi, aka sayar da awakin ɗaya bayan ɗaya.

To, al'adar ƙasar ita ce, wanda ya ari gona ya sa mata taki ba a tashinsa sai ƙasa ta cinye takin, wato damina uku. Dattijon ya rasu, ɗansa Sanda ya ƙirga, ya ga damina huɗu ke nan babu akuya a gidan Illo. Ya kai ƙara wurin Alƙali Jatau.

Sanda ya ce, "Allah gafarta malam, tumakina ne ke kwana a gonar nan kowane rani. Kowa ya san a ƙasarmu takin tunkiya ne taki, yana da sanyi, yana bin ƙasa a hankali. Na akuya sai can wajensu, inda rairayi ke haɗiye komai."

Wani dattijo ya ce na akuya ya fi zafi. Wani ya ce masa, "Kai da ko kaza ba ka da ita, ina ka ɗanɗana?" Aka yi dariya, ban da Hajo.

Alƙali ya ce, "Iya, me za ki ce?"

Ta ce, "Bai yi ƙarya ba, awakin sun ƙare. Amma a gefen gonar aka binne mai gidana, kuma ba ni da kowa a arewa sai ƙasa."

Alƙali ya auna maganar. Al'ada tana tare da Sanda, tausayi yana tare da tsohuwa, kuma ba a yanka hukunci da hawaye. Can ya lura da wani abu ja, murɗaɗɗe kamar kunnen tsoho, a hannunta.

"Mene ne wannan?"

"Ɗan gawo ne. Bana itatuwan da ke gonar suka fara haihuwa."

"Ba mu da wannan itace a nan. Wa ya shuka?"

"Ba wanda ya shuka, malam. Awaki sun ci, ƙwayar ta fita cikin kashinsu, ta tsiro. Mai gidana dai ya riƙa kewaye su da fartanya."

Alƙali ya tashi da jama'arsa suka tafi gonar. Ga itatuwa bakwai tsaye, kuma ƙasar gindinsu ta fi ko'ina baƙi. Hajo ta ce haka halin gawo yake, juyayye ne, da damina yake zubar da ganye ya ciyar da shuka, da rani ya yi kore.

Alƙali ya ce, "Sanda, tumakinka sun taɓa cin wannan?"

"Ciyawa suke ci da dusa."

"To ka saurara. Ban san wanda ya fi tsakanin takin tunkiya da na akuya ba, kowace ƙasa ta san abin da cikinta ke karɓa. Abin da kakanninmu suka ce shi ne, sai ƙasa ta cinye taki. Naka ta cinye, ka gani da idonka. Na Illo ya ƙi kwanciya, ya miƙe tsaye, kowace damina yana sake zuba. Ranar da itatuwan nan suka daina zubar da ganye, ka zo ka karɓi gonar ubanka. Wanda kuma ya sa musu gatari, ya sari haƙƙin matacce."

Sanda ya ɗaga kai ya dubi rassan, ya san ko jikansa ba lalle ya ga ranar ba. Ya yi sallama ya tafi.

Daga nan masu hankali suka ce, aikin da aka yi da gaskiya ba ya bin mai shi kabari.

Jama'a suka watse, aka bar Hajo tsaye a inuwa, bayanta a tanƙware. Maƙwabcinta Barau ya dubi faɗin gonar, ya dubi hadarin da ya fara haɗuwa a gabas, ya ce a hankali, "Gona kam ta zauna, Iya. To wa zai noma miki ita?"